Furen da Ba Ni Aka Ba Ba

Ko an yi shekara nawa, ranar da ɗana na fari ya yi wasa a Abuja ba za ta fita daga raina ba. Aikinsa jagorantar makaɗa ne. Yakan tsaya gaban taron masu goge da masu busa da ɗan siririn sanda, ya ɗaga hannu su tashi, ya sauke su lafa. Da wannan sandan ya zaga ƙasashen Turai da na Larabawa, ni kuwa ina unguwarmu Kubwa ina kallonsa a waya. Maƙwabciyata har tsokanata take yi: "Maman yara, duk karatun nan ashe ba da hannu yake yi, kamar mai tsaida motoci a mahaɗar Area 1?"

Wadda ta ɗora shi a hanyar ita ce Madam, matar da na yi wa girki a Garki yana ƙarami. Ina kicin, ita tana koya masa kiɗan fiyano.

Ranar wasan aka zaunar da ni da Madam kujera kusa da kujera. Kiɗa ya ɗan tsaya, na ɗauka an gama, na fara tafi. Madam ta dafa hannuna a hankali ta ce, "Mama, tukuna, da saura." Wallahi sai na ji kamar an zuba mini garwashi. Ni na haife shi, amma ita ta san numfashin aikinsa.

Da aka gama aka miƙa masa fure. Ya sauko, ya nufo layinmu. Sai ya miƙa wa Madam. Ta rungume shi tana kiran sunansa da ƙarfi, sunan da ni bakina bai taɓa furtawa ba saboda kunyar ɗan fari. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafin da bai karkace ba.

Na sulale waje neman motar Kubwa. Can na ji takunsa a bayana. Ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa da baƙar kwat ɗinsa mai tsada.

"Umma, na san ba za ki so in zo miki gaban jama'a ba. Na yi daidai?"

Na kau da kai na ce, "Tashi, kai wannan, za ka ɓata wando. Allah ya yi albarka."

Madam ta biyo bayansa, tana tsaye gefe da furenta. Ta ce, "Na bi shi ƙasashe da yawa, kansa kawai yake sunkuyarwa. Gwiwarsa ban taɓa ganin ta taɓa ƙasa ba." Ashe ita ma da nata kishin.

Ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna furen nan raina yakan sosu. Amma na koyi cewa ɗa ba tuwo ba ne da zai ƙare don an raba. Kowa da irin rabonsa, kuma nawa babu mai iya ɗauka ya kai gida.