Shekara Bakwai Bayan Mai Tsutsa

Yau shekara bakwai da rasuwar yayana Sabo. Na so in tuna shi cikin natsuwa, amma wallahi raina a ɓace yake.

Malamin kimiyya ne, sai dai a ƙauyenmu na gefen Gezawa Mai Tsutsa ake ce masa. Duk hutu yana cikin tafki har gwiwa, yana tace laka da rariya. A lokacin ruwan dattin birni ya kashe tafkin, ko karfasa babu. Ya taɓa nuna mini wasu jajayen tsutsotsi, ya ce su kaɗai ke jure ruɓaɓɓen ruwa, kuma gabas da yammacin tafkin duk dangi ɗaya ne.

"Ranar da ka ga iri-iri, koraye da farare, kowace kusurwa da nata, ruwa ya fara warkewa," in ji shi. "Abincin kifi ke nan."

Ya sha faɗa a ƙofar masallaci cewa ƙwaron da tsutsar take zama kama kawai yake da sauro, ba ya cizo. Aka yi ta yi masa dariya.

Da aka karkatar da ruwan dattin, maganarsa ta tabbata, shi kuwa yana kabari. Bara Malam Ila, tsohon masuncin da ya daɗe da rataye komarsa, ya sake shiga ruwa. Tarwaɗar farko gidanmu ya kawo, ya ce sadakar Sabo ce.

Bana da damina ƙwarin suka tashi bisa tafki kamar hayaƙi. Abin a yi murna! Sai ga wasu 'yan neman suna, wai yaƙi suke da zazzaɓi, suka tuttula jarkokin maganin feshin gona cikin ruwan. Ba su tambayi kowa ba, alhali sauron yana nan a kwatamin gidajensu. Har hoto suka ɗauka. Washegari kifi ya taso ciki sama.

Da Yaya yana raye, na san ba zai zagi kowa ba. Ni kam na zaga.

Me ya rage nasa? Mutum ɗaya da ya gaskata shi. Jiya na iske Malam Ila yana kwashe matattun kifi kada yara su ɗauka.

"Ƙanin Sabo, yaushe tafkin zai sake warkewa?"

"Baba, sai an yi shekaru."

"To," ya ce, "ba da ni ba, na riga na tsufa."

Allah Ya jiƙan Yaya Sabo.