Darussa Tara da Yaya Ba Ta Kalla Ba

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da biyu tana ɗakin kwantar da yara. Abokan aikinta "Sake Dubawa" suke kiranta, don ko kwalbar magani ka miƙa mata sai ta juya ta, ta karanta kwanan wata, sannan ta kalle ka. Ni ƙanwarta na sha wannan kallon tun ina ƙarama.

Bara aka ce duk wadda ba ta da sabuwar takardar shaida za ta sauka daga shugabancin ɗaki. Dole Yaya ta koma makaranta: kwana biyu a mako a aji, sauran darussa ta waya. Ni na buɗe mata shafin, don haka na san lambar sirrinta.

Zaman aji ya yi mata daɗi. Layin gaba take zama, tana ganin idon malami yana ganin nata. Na wayar ne bai kwanta mata ba. Takan shirya tsaf, ta jingina wayar da fulas, ta gaishe da malamin. Bai taɓa amsawa ba.

Ranar darasi na biyar ta kira ni. "Ke, zo ki gani. Rigar nan ce a jikinsa tun farko. Agogon bayansa kuma ya ce ƙarfe goma, alhali la'asar ta yi."

"Yaya, ƙila agogon ne ya tsaya."

Can malamin ya ce, "Kun gane?" Ta matso ta ce, "Ban gane ba, Malam." Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, mu ci gaba."

Ta kife wayar. "Da girmana ba zan zauna ina gyaɗa wa hoto kai ba."

Nan hankalina ya tashi, don wanda bai cika darussan waya ba ba ya zama jarrabawa. Lallashin Yaya kuwa ɓata bakinka kawai za ka yi. Sai na riƙa shiga da sunanta a wayata, in ɗora ta kan firji, malam yana ta zuba ni ina guga. Darasi tara na yi haka, har ina jin kaina mai dabara.

Ƙarshen zango, kamar yadda ƙawarta ta ba ni labari, malamin ya yabi Yaya a gaban aji: ita kaɗai ta kalli duka darussan waya sha huɗun har ƙarshe. Ta miƙe.

"Biyar na kalla, Malam."

Ya yi dariya, ya ce ai naɗaɗɗu ne dama, an rubuta a takardar farko, kuma ya san rabin ajin kunnawa suke su tafi harkarsu. Ya ce ta zauna kawai. Ta ƙi, ta ce a goge taran. Aka goge, aka hana ta jarrabawa, aka ba wadda ita ta koya wa aiki kujerarta ta shugabancin ɗaki.

Ko tambayata ba ta yi ba da ta dawo. Ni ce na kasa haƙuri.

"Yaya, kowa haka yake yi. Wa kika cuta?"

Ta ajiye jakarta, ta daɗe tana kallona. "Idan na rubuta a kati cewa na ba yaro magani, uwarsa ba ta tambayata. Kina so ni in fara tambayar kaina?"

Har yau ina jin haushinta.