Kawu Osnel, Makaɗin Da Ya Fito Da Ƙanwata Daga Kogi

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, 'yarka Wideline ta iso rumfata a kasuwar garinmu Jakmel, ko ɗankwali babu a kanta. Tun kafin ta buɗe baki na gane abin da ya kawo ta. Kawu Osnel Previlon, babban makaɗin gidan rawarmu, ka amsa kira.

Ina budurwa na shiga cikin 'yan amshinka, kuma a wurinka na gane cewa iska ba ta hawan mutum sai an share mata hanya. Kakan kama kiɗa guda ka riƙe, ba ƙari ba ragi, caki na biye da kai, mu kuma muna nanata baiti ɗaya har harshe ya daina sanin abin da yake faɗa. Masu rawa su yi ta juyi cikin zafi da hayaƙin turare, numfashinsu ya koma bin ganga. Idonka yana kan ƙafafunsu. Da ka ga jiki ya saki, sai ka karya kiɗan kwatsam, kamar an fizge tabarma a ƙarƙashin mutum. Nan take wani ya yi tangal-tangal, ido ya juye, mai hawa ya hau dokinsa.

"Tura mutum can, kowane shashasha ya iya," kakan ce wa sauran makaɗa. "Dawo da shi ne aiki."

Na ga gaskiyar maganar nan a shekarar da ruwa ya yi yawa. Mun je bakin kogi da rana tsaka kai wa Simbi, iskar ruwa, abincinta. Kogin ya cika ya batse, jawur, yana tafe da kututturan ayaba. Ƙanwata Rosemene tana cikin masu rawa. Ka karya kiɗa, Simbi ta hau ta. Maimakon ta tsaya a fili, sai ta juya ta nufi ruwa. Kafin mu ankara ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Rosemene kuwa ba ta iya iyo ba.

Mijinta Fritznel ya yi kanka da ihu. "Tsoho, tsayar da gangar nan! Kashe min mata za ka yi?"

Hannunka bai tsaya ba. "Rufe min baki, Fritznel. In na tsaya yanzu, a tsakiyar ruwa za ta farka, tsoro ya kwashe mata ƙafa. In ka bi ta ka taɓa ta, gawa biyu za mu nema." Ka waiwayo gare ni. "Ke Marise, waƙa! Kukan ki ajiye shi sai mun je gida."

Na ɗaga murya da waƙa. Ka ja gangar har bakin ruwa, ka fara sassauta kiɗan kaɗan-kaɗan, kamar uwa na jijjiga goyo. Wani ƙaton icce ya wuce ta gaban Rosemene, saura ƙiris ya buge ta. Can sai kafaɗarta ta fara bin sabon kiɗan, ta juyo, kana bugawa tana takowa. Tafin hannunka ya tsage, jini ya ɓata fatar gangar, ba ka ko duba ba. Da ta taka yashi sai ka sauke kiɗan a hankali har ya mutu. Ta zube a jikina, ta buɗe ido ta ce, "Yaya, wa ya jiƙa min riga?"

Mutane suka fashe da dariya har da hawaye. Kai kuwa ka koma gindin mangwaro ka zauna. Daga ranar ba ka sake yarda an yi kiɗa kusa da kogin da ya cika ba. Dattawa sun matsa, wasu sun kira ka matsoraci, ka ce ka ji, ka karɓi sunan. Yau Rosemene har da jikoki, ita ce ma ta dafa gahawar zaman makokinka, Fritznel kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarka.

Kawu, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta cikin magabata. Inna Clermise, abokiyar zamansa, da Wideline da 'yan uwanta, Ubangiji ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma da za mu sake shiga fili ba kai a bayan ganga, Allah ya riƙe mu.