Wayar Kawu Haladu Mai Murfi

Ku da kuka san Kawu Haladu na Dugabau, ƙanen mahaifiyata, kun san bai taɓa buɗe wayarsa kai babu hula ba. Irin mai murfin nan ce, wadda buɗe ta shi ne amsa kira, rufe ta kuma shi ne sallamar mai kiran. Sai ta yi ta ƙara yana laluben hula, domin a ganinsa baƙo ne a ƙofa.

Ni na saya masa ita a shekarun farko na Shari'a, lokacin da kuɗin mota daga Kano ya fara yi wa albashina nauyi. Na ce saboda jin lafiyarsa ne. Yau ina shakkar hakan.

Batirinta yakan yi mako guda, amma Kawu ya mai da shi na wata. In an yi masa caji a Kabo, sai ya cire shi ya adana a gwangwanin madara.

Na ce, "Kawu, in babu batir, yaya za a same ka?"

Ya ce, "Gidan ya tashi ne?"

Da na kawo masa sabuwa mai kyamara, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini. "Tawa ba ta da ido, ba za ta ba da shaida a kaina ba. Wannan kuwa ko ƙyaure babu. In mutum ya cika ni da surutu, da me zan kore shi?"

Ni aka fi kora. Duk ranar da na yi sa'ar samunsa, sai ya ce, "Malam ɗan boko, na ji muryarka lafiya. Sauran gaisuwar ka kawo da kanka." Ƙwas, ya rufe. Ni kuwa in ce wa raina ai na yi zumunci, har na yi wata bakwai ban taka Dugabau ba.

Wata Talata da hantsi shi ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba. Na gaishe shi ina jiran ƙarar murfi, amma shiru.

Ya ce, "Ci gaba da maganarka, Sabo. Yau ba na sauri."

Na bar aikin ofis na nufi tasha. Kwana biyu na samu a gefen tabarmarsa, a ciki ma sai da ya yi mini faɗan tsadar lemon da na kawo.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yalwata kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini watannin nan bakwai.