Ƙunshin Dada da Na'urar Biza

Daga Azare

Ana sallame sallar asuba muka shiga tasha, ni da yayana Bello. Jakata ƙarama ce, takardu sun fi kaya yawa a ciki. An ɗaura mini aure bayan babbar sallah, maigidana ya yi 'yan kwanakin hutunsa ya koma Turai wurin aikinsa. Ni kuma aka bar ni da neman bizar zama ta matar aure, wadda za ta ba ni damar yin aiki a can. Wata da watanni ina jiran a sa mini ranar ɗaukar hoton yatsu a Abuja, sai yanzu ta zo. Mun yi lissafi ni da shi, in komai ya tafi daidai, azuminmu na farko tare za mu yi shi.

Ana jibi tafiya na je Katagum gaida kakata, Dada. Tana ganin hannuna ta riƙe baki.

"Haka za ki je gaban mutanen mijinki, hannu fari fat kamar mai takaba?"

"Dada, ba danginsa ba ne, ofis ne kawai."

"Ofis ɗin ba idanu gare su ba? Zauna."

Da kanta ta kwaɓa lallen, ga hannunta na rawa. Ta tsoma mini yatsu har gaɓa ta biyu, ta ɗaure da leda, tana ba ni labarin yadda ta yi wa mahaifiyata irinsa. Da aka kwance, ya kama ja wur, har ya ɗan yi duhu. Ban taɓa ganin hannuna ya yi kyau haka ba.

Misau, Darazo, Bauchi

Direbanmu ɗan Dambam ne mai yawan barkwanci. Tun da na miƙa masa jakata ya sa mini suna Amarya. Hanya ta yi kore shar, damina ta kusa ƙarewa, gero ya fitar da kai yana rangaji. Na jingina da taga ina tunanin garin da ban taɓa gani ba, wanda maigidan ya ce rana kan kai bayan isha'i ba ta faɗi ba.

A shingen sojoji kafin Darazo, wani ya leƙo ya ga hannuna.

"Amarya, ina goronmu?"

Direba ya ce, "Oga, ango na Turai, goron sai ya biyo jirgi."

Aka yi dariya, sojan ya ɗaga mana katako. A Bauchi muka ci masa da miyar taushe a tsaye, muka canza mota.

Jos zuwa Maraba

Sanyin Jos ya sa na ƙudundune cikin mayafi. Gangaren dutsen da ke bayanta kuwa ido na rufe ina salati har muka sauka. Akwanga, Keffi, sai cunkoson Maraba, inda muka fi daɗewa a kan kowane shinge. Muka sauka gidan Anti Rifkatu, 'yar Bogoro, wadda ta yi aikin jinya tare da mahaifiyata a Azare shekaru da yawa. Ta rungume ni, ta juya hannuna tana kallo.

"Wannan aikin tsofaffi ne. Yaran yanzu ba su iya ba."

Abuja, ranar farko

Ba zan faɗi sunan ofishin ba. A ƙofa aka karɓe wayata, aka ce Yaya Bello ya tsaya waje a rana. Na ɗauki lamba, na zauna cikin sanyin na'ura har ƙafata ta yi tsami. Da aka kira ni, wata ma'aikaciya 'yar ƙasarmu ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami abin cewa ba. Sai ta ce in ɗora yatsu a kan gilashi.

Na ɗora. Jar wuta ta kama. Na goge, na sake ɗorawa. Ja. Sai a lokacin ta ɗago ta kalli hannuna, ta yi tsaki.

"Na'ura ba ta karanta yatsa mai lalle."

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

"Yana shafinmu na intanet. Kullum sai mun mayar da irinku."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai, har yanzu da nake rubutu. Kullum! Ashe sun sani. Sun aiko mini da saƙo mai tsawo, sun faɗi faɗin hoto da launin bangon da za a ɗauke shi, sun ce kada in zo da turare ko abin sha. Layi ɗaya a kan lalle ya gagare su. Biza ce ta matan aure, a ƙasar da rabin amarenta da lalle ake kai su ɗaki. Wa suke tsammanin zai zo nema? Daga baya na binciko maganar a shafin nasu, can ƙarshe, ƙarƙashin tambayoyin da ba wanda ya san zai yi su sai bayan an kore shi.

Da ta ga idona ya kawo ruwa, ta ɗan sassauta.

"In kin iya fitar da shi, ki dawo gobe da safe, zan bar miki gurbi. In ba haka ba, sai ki nemi sabuwar rana."

A tsakar gidan Anti Rifkatu

Yaya Bello ya ce, "Goge shi kawai. Lalle ne, ba tsaga ba ce."

Anti ta ce, "Kai Bello, ka taɓa ganin an wanke ƙunshin kwana uku?"

Na kira maigidan. Ya ce, "Kada ki ji wa kanki ciwo saboda ni." Amma na ji yadda muryarsa ta faɗi, na kuma tuna azumi.

Da la'asar muka fara. Lemon tsami da toka, bai motsa ba. Man goge baki, a banza. Na ɗauki dutsen goge kaushi na dirje kan yatsuna, sannan na tsoma su a ruwan wankin fararen kaya. Anti tana tsaye a kaina tana cewa, "Ya isa haka, 'yata, ya isa." Ban ji ba. Ina gogewa ina ganin hannun Dada yana rawa a cikin ƙwaryar lalle. Kafin magariba jan ya koma ruwan goro, yatsuna kuma suna raɗaɗi kamar na taɓa garwashi.

Abuja, rana ta biyu

Na ɗora yatsu. Ja.

Ma'aikaciyar ta kama hannuna ta kai kusa da fitila.

"Me kika yi? Kin cinye zanen yatsun gaba ɗaya. Da lallen kika bari ma da ya fi saurin fita. Yanzu sai fata ta warke."

Na ce, "Jiya ke kika ce in fitar da shi."

"Na ce in kin iya."

Ta danna lamba ta gaba. Na tsaya, ni da ban saba ɗaga murya ba, na ce, "Don Allah ku rubuta a ƙofa. Da Hausa. Takarda ɗaya ce." Ta ce ba aikinta ba ne. Matar da ke bayana a layi ta janye hannunta cikin hijabi a hankali, na hango nata baƙin lallen har wuyan hannu.

A waje Yaya Bello ya duba mini sabuwar rana a waya. Wadda ta fi kusa tana bayan ƙaramar sallah.

Komawa gida

Hanyar dai ita ce, amma ban ga komai ba. Mun shiga Azare da yamma, washegari na wuce Katagum, don na san Dada ba za ta ci abinci da daɗi ba sai ta ji labari. Na zauna a tabarma hannuna cikin mayafi.

"To, sun yaba?"

Na ƙara cusa hannun cikin mayafi.

"Fito da shi in gani."

Na fito da shi. Ta daɗe tana kallon yatsun da suka saɓule, tana shafa gefensu da babban yatsanta. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce laifinta ne, har na shirya abin da zan ce in rarrashe ta.

Sai ta ce, "Wane irin gari ne wannan, da sai an kankare wa mace hannu kafin a bar ta ta je wurin mijinta?"

Ta ɗauko man kaɗe ta shafa mini. Can ta ɗago.

"Ƙafa fa? Ita ma suna ɗora ta a kan gilashin?"

"A'a, Dada."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta jawo ƙwaryar lalle. "To miƙo ta nan."

Na miƙa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Yaya Bello da ya sha rana, da Anti Rifkatu da ta hana ni ban hanu ba. Ke kuma 'yar'uwa mai shirin irin wannan tafiya, ki je musu da hannu fari. Ƙafar taki ce.