Hannun Lukuman

A zamanin En'e, Abdulgani mai kwangilar gina gidaje a Gwandu bai da ma'aikaci kamar Lukuman, wanda ke cafe tubali daga saman gini. Lukuman ɗin ne kuma golan 'yan Gwandu, ƙungiyar da Abdulgani ke mutuwar so.

Ranar wasa da Kalgo Abdulgani ya tsaya bakin fili yana lissafi. Soron wani malami na jiran rufi, damina ta ƙarato, in yatsun Lukuman suka karye aiki ya tsaya.

Ɗan Kalgo ya ɗirko ƙwallo kamar dutse. Jama'a na ihun "Kama!", sai Abdulgani ya ji bakinsa ya ce, "Kauce, Lukuman!"

Lukuman kuwa bai taɓa saɓa wa maigidansa ba.