Kaltume Kyari, Mai Koya wa Kurame Karanta Leɓe

Ƙarfe bakwai na safe Malama Kaltume Kyari ke buɗe ɗan ɗakinta a bayan wani asibiti a Kazaure. Ta share, ta goge madubi, ta ajiye kujeru biyu suna kallon juna. Shekara ashirin da shida tana haka. Ita ba likita ba ce. Aikinta yana farawa ne bayan likita ya ce kunne ya tafi: ta koya wa mutum gane magana daga motsin leɓe, ta saba masa da na'urar ji, ta nuna wa iyalinsa yadda za su yi masa magana.

Ku tambayi Falalu mai injin niƙa a Babura. Ƙarar inji ta cinye masa kunne, har ya daina zama majalisa, don dariya ake yi masa in ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Wata huɗu yana zuwa duk Talata, tana nuna masa a madubi yadda "fara" ta bambanta da "tara". Ranar da matarsa Fatu ta rako shi tana ta ɗaga murya, Kaltume ta dafa ta.

"Yaya Fatu, bar ihun nan. Tsaya inda haske zai sami fuskarki, ki yi magana a hankali."

Fatu ta gyara tsayuwa. "Malam, ka karya?"

Falalu ya dubi bakinta. "Ban karya ba."

Fatu ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka.

Ke ce, Kaltume, kika bi sawu shekarar da wasu manya suka raba na'urorin ji a Roni, suka ɗauki hoto, suka tafi, ba a auna kunnen kowa ba. Kika hau acaɓa ƙauye-ƙauye har Gwiwa, kina zaro su daga ƙasan akwati, kina daidaita wa kowa tasa. Uwar waɗanda duniya ta yi wa shiru!

Watan jiya ta yi ritaya. Sau uku tana rubuta wa hukumar asibitin takarda a turo wanda za ta koya wa aikin, ko amsa ba ta samu ba. A taron sallama, mai jawabi ya kira ta "mai wankin kunne". Kafin mako ya zagayo an cika ɗakin da karyayyun gadaje. Falalu ya kawo maƙwabcinsa Daudu, wanda sanƙarau ya kurmantar, suka tarar da kwaɗo a ƙofa, suka juya tasha.

Mun gode, Malama, ko da godiyar ta zo a makare. Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma matasanmu masu karatun lafiya, Kaltume tana nan da ranta, ƙofar gidanta a buɗe. Wani ya je ya koya tun tana da ƙarfin koyarwa. Daudu yana Babura, har yau bai san abin da 'ya'yansa ke ce masa ba.